Daga Gadarif Zuwa Karari: Mun Bi Sawun Kakanmu Soja

Tafiyar da za mu ba ku labarinta a wannan wata mun yi ta ne cikin Janairu 2023, wato wata uku kafin yaƙi ya ɓarke a Hartum. Tun daga lokacin, littafin da muka yi rubutu a ciki yana ajiye cikin akwati, zuciya ba ta ba mu mu buɗe shi ba, domin wurare da yawa da muka shiga ba su nan yadda muka bar su. To amma yanzu mun ga wajibi ne mu fito da shi, ko wani zai ɗauki darasi tun lokaci bai ƙure masa ba.

Mafarin tafiyar a cikin aji ne. Kowa yana tune da abin da ya faru a jihar Shuɗin Nilu a watan Yuli 2022, da wanda ya biyo baya a Wad al-Mahi cikin Oktoba, inda aka rasa ɗaruruwan rayuka, har jama'armu suka fito kan titi a Kasala da Gadarif da Bur Sudan da Hartum. A cikin waɗannan watanni ne, muna tsakiyar darasin tarihi a makarantarmu ta Gadarif, wani yaro ɗan aji shida ya ɗaga hannu ya ce, "Ustaz, wai da gaske ne mu baƙi ne, jiya-jiya muka zo?"

Muka ba shi amsa irin ta littafi. Muka gaya masa labarin hanyar alhazai, da Takarir da suka zauna a Gallabat tun kafin zuwan Turkawa, da hijirar da ta biyo bayan yaƙin Burmi na 1903, wadda ta haifi garin Maiwurno. Yaro ya saurara tsaf, sa'an nan ya ce, "To Ustaz, ku naku kakan yaushe ya zo?" Nan fa alli ya tsaya mana a hannu. Shekara ashirin muna koyar da tarihin sarakunan Sinnar da na Mahadi, amma ba mu san shekarar da namu kakan ya taka ƙasar nan ba.

Abin da ke cikin gwangwani

Abin da muka sani bai cika tafin hannu ba. Kakanmu, mahaifin babanmu, ya rasu a 1989 muna yara. An ce ya yi soja zamanin Ingilishi, mun kuma sha jin sunaye biyu a bakinsa idan sanyi ya taso masa da ciwon ƙafa: Karan da Kufra. Shi kuma nasa uban, akan ce "ya ga Karari". Abin da ya bari a gidanmu gwangwanin alewa ne guda, a ciki akwai maɓallan tagulla biyu da lambar yabo mai siffar tauraro mai tsini shida. Ƙyallenta launin rairayi ne, da jan layi a tsakiya, shuɗi mai duhu a gefe guda, shuɗi mai haske a ɗaya gefen.

Wannan lamba ita ce Tauraron Afirka, wadda Ingila ta ba waɗanda suka yi yaƙi a arewaci da gabashin Afirka tsakanin 10 ga Yuni 1940 da 12 ga Mayu 1943. Muka juya bayanta muna neman suna, ba komai. Da farko mun ɗauka tsufa ne ya goge shi. Ashe haka Ingila ta raba lambobin Yaƙin Duniya na Biyu, ba ta buga sunan mai ita ba. Saboda haka duk mai irinta a gida ya sani, ita kaɗai ba ta shaidar kowa.

Rundunar da ya yi wa aiki ita ce Kuwwat Difa'us Sudan, wato Rundunar Tsaron Sudan. An kafa ta a 1925, bayan da aka kashe Gwamna Janar Lee Stack a Alƙahira cikin Nuwamba 1924, Ingilishi suka fitar da sojan Masar daga ƙasar nan. An kasa ta rukuni-rukuni: Hajjana masu raƙuma a Ubayyid, rukunin Larabawan Gabas a nan Gadarif, na Larabawan Yamma a Fashir, da na Istiwa'iyya a kudu. Da Italiya ta shiga yaƙi a Yuni 1940, duk rundunar mutum 4,500 ne ko kusa da haka, ga iyaka doguwa da Iritiriya da Habasha. Ranar 4 ga Yuli Taliyan suka kama Kasala, suka kuma kama Gallabat. Sai aka shiga ɗaukar soja ba ji ba gani, har rundunar ta kai wajen mutum 20,000. An karɓo Kasala a Janairu 1941, aka bi Taliyan har duwatsun Karan, inda aka yi kusan mako takwas ana gwabzawa kafin garin ya faɗi ranar 27 ga Maris. Kufra kuwa zango ne a tsakiyar hamadar Libiya, wanda sojan Sudan suka tsare, suna kai masa abinci da mai a mota tun daga Wadi Halfa. Wannan duka yana cikin littattafai. Sunan kakanmu ne ba ya ciki, shi muka fita nema.

A gidan takardun ƙasa

Da yake makarantu suna rufe saboda yajin aikin malamai, muka ɗauki ɗan wanmu, ɗalibin jami'a wanda ya fi mu Ingilishi, muka hau bas da asuba. Muka bar gonakin dawa ana ta girbi, muka wuce Fawu, muka ƙetare gadar Hantub zuwa Wad Madani, muka bi ta Hasahisa da Kamlin. Kilomita 400 da 'yan kai, sai ga mu a tashar Mina al-Barri bayan azahar. Muka sauka wurin dangi a Ingaz, unguwar da aka mai da mutanen Ishash Fallata bayan an tashe su. Da dare aka sayo mana agashe, naman da duk Hartum ke ci, ko da yake ba kowa ya san tsiren Hausawa ba ne.

Kashegari muka nufi Dar al-Wasa'ik al-Ƙaumiyya, gidan ajiye takardun ƙasa, wanda marigayi Dokta Muhammad Ibrahim Abu Salim ya shugabanta wajen shekara 40. A nan aka tara takardun daular Mahadi da na mulkin Ingilishi. Wani dattijon ma'aikaci ya karɓe mu da fara'a, ya saurari buƙatarmu, ya ce, "Ya Ustaz, abu uku nake so: sunansa na takarda, lambarsa ta soja, da rukuninsa." Muka dubi juna da ɗan wanmu. Ba mu da ko ɗaya.

Batun suna shi ne babban tarko, kuma ya kamata kowane Bahaushe mai irin wannan nema ya fahimce shi. A gida da laƙabi muka san Kaka, sunan yanka ba mai faɗinsa saboda kunya. Garba a takardar Larabci Abubakar ne, Audu Abdullahi ne, Mamman Muhammad ne, Shehu kuwa sau da yawa Usman ne. Su Ɗanladi da Tanko da Ɗanjuma ba su da mazauni a rajistar magatakarda, sai ya rubuta abin da kunnensa ya ji, ko ya ɗora wa mutum sunan ubansa. Sa'an nan hafsan Ingilishi ya sake juya shi zuwa nasa rubutun. Ka ga mutum ɗaya ya tashi da suna uku. A gurbin ƙabila kuma kalma ɗaya ce, Fallati, ta haɗa Bahaushe da Bafillace da Babarbare. Dattijon ya ce mana, "Soja da lamba ake nemansa. In ba lamba, kamar neman ƙwayar gero ne a cikin rumbu."

Duk da haka muka yi kwana biyu muna karatu. Abin da muka lura da shi a rahotannin Ingilishi shi ne, hafsa yana da suna, ƙaramin soja kuwa adadi ne: nafar kaza sun tafi, nafar kaza sun ji rauni. Takardun Mahadiyya ma haka suke. Akwai wasiƙun Halifa zuwa ga amirai, da lissafin Baitulmali, da ƙidayar mayaƙa a ƙarƙashin kowace tuta. Manyan mutanen yamma tarihi ya riƙe sunansu, kamar Hayatu ɗan Sa'idu, jikan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi wa Mahadi mubaya'a ta wasiƙa, da Muhammad al-Dadari wanda ya zama na kusa da Halifa. Amma talaka mai mashi, ba wanda ya rubuta shi. Da za mu fita, dattijon ya gaya mana cewa takardun hafsoshin Ingilishi da yawa suna jami'ar Durham a Ingila. Muka yi godiya, muna tunanin kuɗin bas ɗin komawa Gadarif.

Kafin mu bar Hartum muka biya ta maƙabartar sojan Yaƙin Duniya, kudu da tsakiyar gari. Ba don Kaka ba, shi ya dawo da ransa. Akwai wani amininsa ɗan unguwarsu da suka tafi tare, bai dawo ba. A cikin maƙabartar akwai bango mai ɗauke da sunaye kusan 600 na waɗanda suka mutu a yaƙin gabashin Afirka na 1940 zuwa 1941, ba a san kabarinsu ba. Muka bi su layi-layi, sunayen Indiyawa da na Turawa, har rana ta take. Sai ɗan wanmu ya ce, "Baffa, wane suna muke nema ne?" Gaskiyarsa. Shi ma laƙabinsa kawai muka sani. Ko yana jikin bangon, da mun wuce shi ba mu gane ba.

Umdurman

Ranar ta huɗu muka ƙetare tsohuwar gadar ƙarfe ta Farin Nilu, wadda aka buɗe a 1928. Daga kanta mutum yana hango Muƙran, inda kogunan biyu suka haɗu, kowane da launinsa, suna tafiya kafaɗa da kafaɗa kafin su gauraye. Hartum gari ne na ofisoshi da Ingilishi suka shata da ma'auni. Umdurman kuwa sansanin yaƙi ne da ya zama birni. A bakin kogi muka ga tawabi, ganuwar ƙasa mai ƙofofin bindiga da mayaƙan Halifa suka gina don tare jiragen ruwan Kitchener.

Kusa da nan gidan rediyo yake, wanda aka fara a 1940 saboda labaran yaƙi. Mun tsaya a bakinsa ne don tunawa da A'isha al-Fallatiyya, haifaffiyar Kasala, wadda iyayenta suka fito daga ƙasar Sakkwato, uwa Bahausa, uba malami Bafillace. Ita ce macen da ta buɗe wa mata ƙofar waƙa a rediyon nan, ta kuma bi sansanonin sojan Sudan tana yi musu waƙa. Waƙarta mai suna "Yaju Aidin", wadda ke roƙon sojoji su dawo lafiya, har yau tsofaffi suna tunawa da ita. Ta rasu a 1974. Duk mai cewa ba mu da hannu a tarihin ƙasar nan, a tambaye shi muryar wa ta raka sojanta zuwa fagen fama.

Daga nan muka shiga Gidan Halifa, inda Halifa Abdullahi ya zauna ya yi mulki bayan rasuwar Mahadi a 1885. An mai da shi gidan tarihi a 1928. Mun tarar an yi masa gyara sosai. Ɗakunan ƙanana ne, ƙofofi gajeru, ba wani alfahari a ginin. Akwai takubba da masu da tutoci, akwai kan tsohuwar ƙubbar Mahadi a tsakar gida. Amma abin da ya tsayar da mu shi ne jibba, rigar Ansar mai faci-faci masu launi. Mun sha nuna wa yara hotonta a littafi. Ranar nan ne muka fara kallonta a matsayin rigar da wani namu ya sa a jikinsa.

Ƙubbar Mahadi tana daura da gidan. Igwar Ingilishi ta fasa ta asalin a 1898, aka rushe ta, sai a 1947 ɗansa Sayyid Abdurrahman ya sake gina ta. A gabanta ga filin masallacin Halifa, fili fetal, inda dubban mutane kan yi sahu. Daga Umdurman ɗin nan rundunar ta fita zuwa arewa a 1898. Mu ma muka nemi mota muka bi bayansu.

Filin Karari

Karari tana wajen kilomita 11 arewa da tsohon gari, amma unguwannin Sawra sun miƙe har sun cim mata. Muka sauka muka taka da ƙafa. Ƙasa ce mai tsakuwa, ga duwatsun Karari daga arewa, ga dutsen Surgam daga kudu, kogi yana gabas. Ba inuwa, ba wurin ɓuya.

A nan ne ranar Juma'a 2 ga Satumba 1898 mayaƙan Halifa, wajen 50,000, suka fuskanci rundunar Kitchener mai mutum kusan 25,000, Ingilishi da Misirawa da 'yan Sudan, da igwa da bindiga mai ruwa da jiragen yaƙi a kan kogi. Ansar sun kasu tuta-tuta: Baƙar Tuta a hannun Yaƙub ɗan'uwan Halifa, Koriyar Tuta a hannun Ali wad Hilu, Mulazimai masu bindiga a hannun Usman Shaihuddin ɗan Halifa. Kafin azahar an gama. An kashe Ansar fiye da 10,000, a ɓangaren Kitchener kuwa waɗanda suka mutu ba su kai 50 ba. Wani hafsan Sudan, Ismat Hasan Zulfo, ya rubuta littafi sukutum a kan yaƙin mai suna "Karari", bayan ya bi tsofaffin da suka halarta ya ji daga bakinsu.

A gefen wani kwari akwai ginin tunawa da mahayan dawakin Ingilishi da suka faɗa tarkon mutanen Usman Digna, harin da Churchill yana saurayi ya shiga. Su mutum ashirin da 'yan kai ne suka mutu, an san sunan kowannensu. Dubban da suka kwanta a filin nan kuwa, sai dai a ce Allah ya ji ƙan Musulmi. Muka yi musu fatiha.

Muna tsaye ɗan wanmu ya nuna arewa, wajen Wadi Sayyidna, inda sansanin soja yake. Muka gaya masa cewa a Yaƙin Duniya na Biyu jiragen sama da ake haɗawa a Takoradi ta ƙasar Gana ta nan yankin suke biyowa: Legas, Kano, Maiduguri, Fort Lami, Jinaina, Fashir, Ubayyid, Hartum, sa'an nan Masar. Wato hanyar da kakanninmu suka yi shekaru suna takawa da jaki, ita jirgi ya bi cikin 'yan kwanaki. Muka koma gari da yamma, ƙafa ta yi tsami, littafinmu cike da tarihin kowa, ban da namu.

Gafakar Gwaggo

Saura kwana guda mu koma, muka ce bari mu je Umbadda mu gai da Gwaggo, yayar babanmu, kada a ce mun zo gari mun tafi. Muka same ta a kan angarib, shekarunta 81, ido ya yi rauni amma hankali garau.

"Ɗan nan, kwananku nawa a garin nan sai yau?"

"Ku yi haƙuri, Gwaggo. Yawon ofisoshi ne ya riƙe mu."

"Neman me?"

"Takardar sojan Kaka."

Ta yi shiru, sa'an nan ta yi dariya har da tafa hannu. "Takardar Baba? Ai ba wanda ya taɓa tambayata. Da aka yi rabon gado maza suka ɗauki gona da gida, ni aka miƙo mini gafaka." Ta kira jikanyarta ta ce ta jawo akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado. Hausawa sun ce ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba.

A cikin gafakar akwai takarda naɗe cikin tsumma, ta yi ja don tsufa, rabi Larabci rabi Ingilishi. Takardar sallama ce daga soja. Ga lambarsa. Ga sunansa na yanka da na ubansa, ba wanda muke kiransa da shi ba. An ɗauke shi a Gadarif cikin Agusta 1940, wata guda bayan faɗuwar Kasala, a rukunin Larabawan Gabas. An sallame shi a 1946 yana ombashi, wato kofur. Hali: mai kyau. Ƙabila: Fallati. A ƙasa ga dangwalen babban yatsansa. Abubuwa ukun da dattijon gidan takardu ya tambaye mu, ga su a takarda ɗaya, a ƙarƙashin gadon da muka sha zama a kai.

Amma ba a nan abin ya tsaya ba. Takardar tana cikin wani ɗan littafi ne rubutun hannu, Ratibin Mahadi, littafin wuridin Ansar. Gwaggo ta ce na kakanta ne. Muka buɗe shafin ƙarshe. Wanda ya yi karatun allo a wurin malaman Hausa zai gane hannun nan da nan: fa da ɗigo a ƙasa, ƙaf da ɗigo ɗaya a sama, irin rubutun yamma, ba na Masar ba. Mai rubutun ya sa sunansa da na mahaifinsa, ya kira kansa al-Kashinawi, wato Bakatsine, ya ce ya gama kwafe shi a Buƙ'a, sunan da Ansar ke kiran Umdurman, a shekara ta 1314. Ɗan wanmu ya lissafa a wayarsa. Shekarar 1314 ta Hijira ta kama daga Yuni 1896 zuwa Yuni 1897.

Masu karatu da suka manyanta sun san abin da ya sa jikinmu ya yi sanyi. Dokar 1948 da dokar jinsiyya ta 1957 sun ce ɗan ƙasa na asali shi ne wanda shi ko kakanninsa ta wajen uba suke zaune a Sudan tun 31 ga Disamba 1897. Sai a dokar 1994 aka mai da ranar 1 ga Janairu 1956. A 1967 babanmu ya sami gurbi a makarantar horon malamai, aka ce ya kawo jinsiyya. Shekara uku yana kai da kawowa a wani ofishi, ana ce masa ya kawo shaidun da suka san kakansa kafin Karari. Gurbin ya wuce shi, ya ƙare rayuwarsa a kan keken ɗinki. Duk tsawon lokacin nan littafin yana rataye a ɗakin Kaka, an ɗauke shi littafin addu'a kawai, ba wanda ya duba shafin ƙarshe.

Gwaggo ta ba mu sauran labarin yadda ta ji shi. Kakanta ya bar Katsina yana saurayi da niyyar hajji, ya tarar an rufe hanya, domin a daular Mahadi jihadi aka sa gaba da hajji. Ya zauna Umdurman, ya shiga ƙarƙashin Baƙar Tuta. A Karari harsashi ya same shi a cinya, ya kwanta cikin gawawwaki har dare, ya ja jiki zuwa wani kwari. Daga baya ya gangara Gadarif ya kama noma. Bai taɓa ganin Makka ba.

"To Gwaggo, yaya ya ji da ɗansa ya shiga sojan Ingilishi?"

"Kwana bakwai bai yi masa magana ba. Ya ce waɗanda suka harbe ni za ka ɗaukar wa bindiga? Baba ya ce Taliyan suna Kasala, gobe suna ƙofar gidanmu, ga shi kuma akwai albashi. Daren da za su tafi, tsohon bai ce komai ba, sai ya sa littafin nan a cikin jakarsa. Da shi ya je Karan, da shi ya je Kufra. Ni kuwa yana Karan aka haife ni, sai da na yi wayo na fara ganinsa. Shi ya sa ya ce gafakar tawa ce."

Muka ɗauki hoton kowane shafi. Muka roƙe ta ta ba mu gafakar mu kai Gadarif, ta ce, "Sai na mutu."

Bayan haka

Ranar 15 ga Afrilu 2023 yaƙi ya tashi. A watan Mayu wuta ta cinye ɗakin karatu na cibiyar Muhammad Umar Bashir da ke jami'ar Ahliyya ta Umdurman. An wawashe Gidan Tarihi na Ƙasa, an wawashe Gidan Halifa da muka shiga. Gadar Shambat ta karye a Nuwamba. Sai a Maris 2025 soja suka karɓe Hartum. Gwaggo ta fito daga Umbadda a damina ta farko ta yaƙin, a bayan babbar mota, ta bar gado da akwati da komai. Da ta iso Gadarif muka sauko da ita, sai muka ga igiyar gafakar a wuyanta, ƙarƙashin tobe. Ta rasu a wurinmu a 2024. Allah ya ji ƙanta, ya ji ƙan duk waɗanda yaƙin nan ya ci.

Saboda haka ga shawararmu ga duk mai son bin sawun kakansa. Na farko, a fara daga gida kafin ofis, a kuma fara da mata, domin gwaggo da inna su ne ke riƙe da abin da maza suka raina. Na biyu, a rubuta sunan mutum kowane iri: na yanka, da laƙabi, da yadda Balarabe zai rubuta shi. Na uku, in soja ne, lambarsa ake nema, tana jikin takardar sallama ko ta fansho. Na huɗu, a duba shafin farko da na ƙarshe na kowane tsohon littafi da ke gidan, a juya shekarar Hijira zuwa ta Miladiyya. Na biyar, a ɗauki hoto a aika wa dangi a gari uku dabam-dabam. Mun ga yadda gini mai ƙofar ƙarfe ya ƙone, gafakar tsohuwa ta tsira.

Da aka koma makaranta a wancan lokaci mun kai wa yaron nan amsarsa. Muka nuna wa aji hoton shafin, muka ce namu kakan yana Umdurman tun 1314, ya zub da jini a Karari, ɗansa kuma ya tsare Kasala. Amma mun ƙara musu da cewa kada wanda ba shi da irin wannan takarda ya sunkuyar da kai. Wanda kakansa ya tsinci auduga a Jazira, ko ya yanki riɗi a Gadarif, ko ya koyar da allo a Maiwurno, shi ma ya gina ƙasar nan, kuma ba a ba manomi takardar sallama. Mun nemi tarihin ne don yaranmu su san amsar da za su bayar, su kuma ba da ita ba tare da murya ta yi rawa ba.

Duk wanda ke da irin wannan lamba ko takarda a gidansa, muna roƙonsa ya rubuto wa wannan shafi. Wataƙila a cikinku akwai jikan aminin Kaka da bai dawo daga Karan ba, mu ji sunansa na gaskiya. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya mai da kowa gidansa.